Bizar H-1B: kujerar ake fara tantancewa kafin a dubi mai hawanta

Tambayar da na fi ji daga bakin matasanmu masu digiri idan zancen aiki a Amurka ya taso ita ce: "Ta ina ake cike fom ɗin?" Injiniya ne, ko mai harhaɗa magunguna, ko mai rubuta manhajar kwamfuta, ya yi fasfo, ya tara takardunsa a jaka, yana jira a nuna masa shafin intanet ɗin da zai shiga. Amsar ba ta da daɗin ji, domin babu fom ɗin da zai fara cikewa. Bizar H-1B, wadda Amurka ke bai wa ƙwararrun baƙi su yi aiki na wani ƙayyadadden lokaci, ba ma'aikaci ne ke nemanta ba. Kamfani ko jami'a ko asibitin da ke son ɗaukarsa shi ne ke shigar da buƙata da sunansa, shi ke sa hannu a kan alkawura a gaban gwamnati, shi ke biyan kuɗi. Wanda bai riƙe wannan ba, duk bayanin da zai biyo baya zai zo masa a karkace, kuma ta wannan tsagar ce 'yan damfara ke shiga.

Tarihin bizar kansa yana nuna dalili. Dokar shige da fice ta 1952 ta buɗe rukunin H-1 ga baƙon da ya yi fice a fagensa, wato mutumin ake dubawa. A 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta sake wa rukunin fasali, Shugaba George Bush babba ya sa hannu a watan Nuwamba na wannan shekarar. Sabuwar dokar ta ɗaure bizar a kan abin da ta kira sana'a ta musamman, ta sa mata iyakar mutum 65,000 a shekara, ta kuma shigo da Ma'aikatar Ƙwadago cikin lamarin. Tun daga nan ido ya tashi daga kan mutum ya koma kan kujerar da zai zauna.

To mece ce sana'a ta musamman? A wurin doka, aiki ne da ba ya yiwuwa sai da zuzzurfan ilimi na wani fanni, ilimin da ba a samun shiga aikin a Amurka sai da digirin farko aƙalla a wannan fannin ko makamancinsa. Kamfani zai gamsar da hukumar shige da fice ta USCIS ta ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu: ya nuna cewa digiri shi ne ƙaramin sharaɗin shiga wannan sana'ar bisa al'ada, ko cewa takwarorinsa a masana'antar haka suke nema, ko cewa shi kansa haka ya saba nema ga duk wanda ya ɗauka a kujerar, ko kuma cewa ayyukan kujerar sun yi sarƙaƙiyar da sai mai digiri. A takarda abin kamar da sauƙi. Injiniyan da zai lissafa nauyin da gada za ta ɗauka, likita, akanta, malamin jami'a, waɗannan ba su cika shan tambaya ba. Rigimar tana ga kalmomi biyu, "wannan fannin".

Akwai shari'ar da lauyoyin wannan fage ke yawan ambata. Wani gidan abincin Tailan a tsibirin Puerto Rico ya nemi wa manajansa H-1B, yana cewa kujerar tana buƙatar digiri a harkar gudanar da kasuwanci. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a 2007 cewa digiri na gama-gari irin wannan, shi kaɗai, bai isa ya mayar da aiki sana'a ta musamman ba. Hujjar ita ce, idan duk mai ilimin jami'a zai iya aikin, to aikin ba ya neman wani fanni takamaimai. Wannan ne ya sa manajan tallace-tallace ko jami'in mulki mai shekara goma sha biyar a bakin aiki kan sha wuyar da ɗan shekara ashirin da huɗu mai digirin lissafi ba ya sha. Ba a ce wancan bai iya aiki ba. Kujerarsa ce ba ta shiga ma'aunin ba.

Ma'aikatan jinya ma nan abin ke kama su, kuma ya kamata 'yan'uwanmu nas-nas su ji wannan da kyau, domin su ne dillalai suka fi yi wa romon baka. A Amurka ana zama nas mai rajista da karatun shekara biyu zuwa uku, ba sai da digiri ba. Tunda digiri bai zama sharaɗin shiga sana'ar ba, aikin nas na yau da kullum ba ya samun H-1B, ko da ita nas ɗin tana da digiri biyu. Wani kamfanin da ke kawo nas-nas daga Filifin yana rarraba su a asibitoci ya taɓa cewa ai shi masu digiri kaɗai yake ɗauka. A 2000 kotu ta ce masa abin da asibitocin da ake yin aikin a cikinsu suke nema shi ne abin dubawa. Nas masu ƙarin ƙwarewa, irin waɗanda aikinsu ke neman digiri na biyu, su kan shiga. Sauran yawanci ta hanyar takardar zama ta dindindin suke bi, wadda hanya ce daban da dokokinta.

Sai an gama da kujera ake waiwayar mai hawanta, kuma a nan ma ba hazaƙarsa ake aunawa ba, dacewar takardarsa da kujerar ake aunawa. A ce wani ya karanta ilimin ƙasa a jami'a, ya fito bai samu aiki a fanninsa ba, ya zauna ya koya wa kansa rubuta manhaja, yau shekara bakwai yana yi, har wani kamfani a Texas ya gwada shi ya ga babu kamarsa. Kamfanin ya gamsu, amma jami'in USCIS da ke riƙe da fayil ɗin bai taɓa ganin aikinsa ba. Abin da ke gabansa shi ne takardar digiri da ta ce ilimin ƙasa, da bayanin kujera da ya ce kimiyyar kwamfuta. Sai ya aiko da wasiƙar neman ƙarin hujja, ya ba da wa'adi. Lauyan kamfani zai koma ya tono kwasa-kwasan lissafi da ƙididdiga da mutumin ya yi a jami'a, ya haɗa da shaidar shekarun aikinsa, ya nemi wani farfesa ya rubuta cewa jimillar wannan ta kai digirin kwamfuta. Ƙa'idar da ta fara aiki ranar 17 ga Janairun 2025 ta ɗan sassauta, ta ce abin da ake nema shi ne alaƙa mai ma'ana tsakanin karatun da ayyukan kujerar, kuma fannoni da dama za su iya dacewa da kujera ɗaya. Duk da haka nauyin nuna alaƙar yana wuyan kamfani.

Digirin da aka yi a wajen Amurka sai an kai shi wurin masu auna takardun karatu su faɗi matsayinsa. Ma'aunin shi ne digirin Amurka na shekara huɗu. Digirin jami'o'in Najeriya na shekara huɗu ko biyar yakan wuce ba gardama. Wanda ya yi karatu a tsarin Faransa, kamar ɗan Nijar ko ɗan Cadi mai lasisin shekara uku, shi ne ke iya tarar da an ƙirga masa shekara uku, saura ɗaya. A nan doka ta yi wani tanadi da mutane da yawa ba su sani ba: shekara uku ta aiki a fannin tana tsayawa a matsayin shekara ɗaya ta jami'a. Mai lasisin shekara uku zai cike giɓinsa da shekara uku ta aiki. Wanda bai taka jami'a ba sam zai buƙaci shekara 12. Sai dai ba kowane aiki ake ƙirgawa ba. Dole a ga nauyin da ke kansa yana ƙaruwa shekara bayan shekara, a ga ya yi aiki tare da masu digiri a fannin, a ga wasu sun shaida ƙwarewarsa.

Na ga irin wasiƙun da wuraren aikinmu ke rubuta wa tsofaffin ma'aikatansu: layi uku, "ya yi aiki tare da mu, mutum ne mai gaskiya da ladabi, muna yi masa fatan alheri." Wannan wasiƙar ba ta da amfani a fayil ɗin H-1B. Abin da ake so shi ne ranar da ya fara, ranar da ya bari, awa nawa a mako, me hannunsa ya taɓa, wane na'ura ko wace manhaja ya yi aiki da ita, mutum nawa ke ƙarƙashinsa. Mai wannan buri ya karɓi irin wannan wasiƙar tun yana barin wurin, lokacin da mai gidansa na nan kuma kamfanin bai rufe ba. Haka takardar sakamakon jarabawa daga jami'a, wadda kowa ya san yadda fitowarta ke cin watanni.

Sana'ar da sai da lasisi ake yin ta, to sai da lasisin jihar da za a yi aikin. Likitoci ne suka fi kowa doguwar hanya: shaidar hukumar ECFMG da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, da matakai uku na jarabawar lasisin likitoci ta USMLE, sannan lasisin jiha. Da yawansu da bizar musayar horo ta J-1 suke shiga horo, wadda ke ɗauke da sharaɗin komawa gida na shekara biyu. Tun 1994 akwai shirin Conrad, wanda a yanzu ke bai wa kowace jiha damar ɗage wa likitoci 30 wannan sharaɗin a shekara, idan suka yarda su yi shekara uku a yankin da ke fama da ƙarancin likitoci, a kan H-1B. Shi ya sa za ka tarar da likitan Afirka ko na Indiya a ƙaramin garin da likitocin ƙasar ba sa son zuwa.

Yanzu ɓangaren kamfani. Kafin ya je USCIS sai ya biya ta Ma'aikatar Ƙwadago da wata takarda da ake kira LCA, inda zai ɗauki alkawura huɗu. Zai biya baƙon albashin da ake biya a wannan sana'ar a wannan yankin, ko wanda yake biyan sauran ma'aikatansa masu irin aikin, duk wanda ya fi yawa. Zuwan baƙon ba zai ɓata yanayin aikin sauran ba. Babu yajin aiki a wurin. Kuma ya sanar da ma'aikatansa, ko ta ƙungiyarsu, ko ta intanet, ko ya manna takarda a wurare biyu da ido ke gani har kwana goma. Wanda ya taɓa shiga irin waɗannan ofisoshin zai ga takardar a allon sanarwa kusa da inda ake shan shayi, ɗauke da sunan kujera da albashi da wurin aiki. Ma'aikatar tana da kwana bakwai na aiki ta sa hannu, kuma cikar takardar take dubawa, ba ta binciken gaskiyarta a lokacin.

Mutane da yawa, har a Amurka, suna zaton sai kamfani ya nemi ɗan ƙasa ya rasa kafin a ba shi baƙo. A H-1B ba haka doka ta ce ba. Wannan sharaɗin yana kan kamfanonin da baƙi masu wannan bizar suka yi yawa a cikin ma'aikatansu ne, kashi 15 cikin ɗari zuwa sama ga manyan kamfanoni, kuma su ma suna kuɓuta idan baƙon yana da digiri na biyu ko albashinsa ya kai dala 60,000, adadin da aka sa tun 1998. Albashin yanki kuma hawa huɗu ne, daga sabon shiga zuwa gogagge, kuma hawa biyu na ƙasa ba su kai matsakaicin albashin sana'ar ba. Wani nazari na cibiyar binciken tattalin arziki ta EPI a 2020 ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na kujerun da aka amince da su a hawa biyun nan suke. Masu sukar bizar a nan suke kafa hujja, kuma ban ga dalilin musanta musu ba. A 2015 an yi ta surutu a kan ma'aikatan kwamfuta na kamfanin Disney a Florida da aka sallama bayan an sa su sun koya wa waɗanda za su gaje su aiki. Ma'aikacin da aka yi wa haka yana da gaskiyar jin haushi. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora laifin a kan baƙon da ya zo neman halaliyarsa, alhali shi ma albashinsa aka danne.

Bayan LCA sai babbar takardar buƙata, fom I-129, da kuɗaɗenta. A farashin da ya fara aiki a Afrilun 2024, babban kamfani yana biyan dala 780 na fom ɗin, dala 1,500 na asusun horar da ma'aikatan Amurka, dala 500 na yaƙi da zamba, da dala 600 na shirin masu neman mafaka, ban da ladan lauya. Ƙananan kamfanoni suna samun ragi. Kuɗin horaswar nan doka ta hana a karɓe shi daga hannun ma'aikaci, sauran ma ba a yarda a zaftare su daga albashinsa har ya faɗo ƙasa da abin da aka yi alkawari ba.

Duk wannan a yi shi daidai, sai a zo ga ƙofar da cancanta ba ta buɗewa. Iyakar 65,000 ta 1990 tana nan. An ɗaga ta zuwa 115,000 a 1999 da 2000, aka kai ta 195,000 daga 2001 zuwa 2003 lokacin da kamfanonin intanet ke tashe, sannan ta koma inda take. A cikinta an ware 6,800 ga 'yan Chile da Singafo saboda yarjejeniyar kasuwanci. Dokar 2004 ta ƙara 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko na uku a jami'o'in Amurka. Jimilla 85,000 ke nan, ga tattalin arzikin da ya ninka girmansa tun lokacin da aka yanka adadin. Da masu nema suka zarce, sai aka koma ƙuri'a. Shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana farawa 1 ga Oktoba, ana karɓar buƙatu daga 1 ga Afrilu, kuma tun 2020 kamfanoni suna rajistar sunaye ta intanet a watan Maris, kwamfuta ta zaɓa, waɗanda aka zaɓa kaɗai ake shigar wa cikakkiyar buƙata.

Kuɗin rajistar dala 10 ne da farko, arhar da ta jawo ɓarna. Wasu ƙananan kamfanoni suka riƙa haɗa baki suna rajistar mutum ɗaya sau da yawa don ƙara masa sa'a. A Maris ɗin 2023 rajista ta kai 780,884, fiye da 400,000 daga ciki na mutanen da aka shigar fiye da sau ɗaya ne. A 2024 hukuma ta gyara, ta ce fasfo ɗaya ƙuri'a ɗaya, ko kamfani nawa ya shigar da mai shi, adadin ya sauko ƙasa da 480,000. A 2025 kuɗin ya koma dala 215, rajista ta sauko kusan 359,000. Ko a hakan, mafi yawan waɗanda suka cika kowane sharaɗi ba sa fitowa. Wannan shi ne abin da ke damuna a tsarin: ɗalibin da ya gama digiri na biyu a fannin kimiyya yana da izinin aiki na wata 12, da ƙarin wata 24, wato Maris uku ke gare shi. Idan uku suka wuce sunansa bai fito ba, sai ya tattara, ko da kamfaninsa na kuka da tafiyarsa.

Akwai ƙofar da ba ta bi ta ƙuri'a, kuma ita ce ta fi dacewa da yawancin masananmu. Jami'o'i, da cibiyoyin da ba na riba ba da ke haɗe da su kamar asibitocin koyarwa, da cibiyoyin bincike na gwamnati ko na sa-kai, ba sa cikin iyakar. Suna shigar da buƙata kowane wata na shekara. Albashinsu bai kai na kamfanonin fasaha ba, kuma wanda ya shiga ta nan idan yana son komawa kamfani sai ya shiga ƙuri'a kamar kowa.

Amincewar USCIS ma tana bin iskar siyasa, ko da harafin doka bai sauya ba. Ƙin amincewa da sababbin buƙatu yana wajen kashi 6 cikin ɗari a 2015. Bayan umarnin Shugaba Trump na Afrilun 2017 a kan fifita ma'aikatan Amurka ya hau zuwa kashi 24 a 2018, sannan ya faɗo ƙasa da kashi 5 daga 2021. Idan an amince, kamfani zai samu takardar amincewa ta I-797. Wanda ke waje sai ya cike fom DS-160, ya biya dala 205, ya je hira a ofishin jakadanci, ɗan Najeriya a Abuja ko Legas. Bambancin wannan hirar da ta bizar ziyara babba ne: ba a neman mai H-1B ya nuna yana da gida da iyali da zai koma wa, domin doka ta yarda masa ya yi aikin wucin gadi yana kuma neman zama na dindindin.

Ana ba da ita shekara uku, a sabunta zuwa shida. Wanda kamfaninsa ya fara nema masa takardar zama ta dindindin, wadda ake kira girin kad, yana iya zarce shida yana jira. Indiyawa, waɗanda ke karɓar sama da kashi 70 cikin ɗari na bizar, 'yan Sin na bi musu da kusan kashi 12, su ne suka fi daɗewa a wannan jiran, saboda ba a bai wa ƙasa ɗaya fiye da kashi 7 cikin ɗari na girin kad ɗin shekara. Mata ko miji da 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba suna bi da bizar H-4, amma ba su da izinin aiki, sai mata ko mijin da maganar girin kad ɗinsu ta yi nisa, bisa ƙa'idar 2015. Ka ga mace mai digirin likitanci tana zaune a gida shekaru tana jiran takarda.

Tunda bizar ta kujera ce, ranar da kujera ta tafi ita ma ta kama hanya. Ƙa'idar 2017 ta bai wa wanda aka sallama kwana 60 ya samu wani kamfani ya shigar masa da sabuwar buƙata, ko ya sauya rukunin biza, ko ya bar ƙasar. A Nuwambar 2022, lokacin da Meta mai Facebook ta sallami ma'aikata 11,000, Twitter da Amazon ma suka rage nasu, dubban baƙi sun shiga wannan ƙirgen a lokacin hutun ƙarshen shekara da ba a cika ɗaukar aiki ba, ga bashin gida, ga yara a makaranta. Doka ta ba ma'aikaci wasu kariya: yana iya komawa wani kamfani ya fara aiki da zarar an shigar da sabuwar buƙatar, ba a yarda a ajiye shi ba albashi don aiki ya yi ƙaranci ba, kuma wanda ya kore shi kafin wa'adi shi zai biya kuɗin jirginsa na komawa gida. Amma mutumin da ya san zamansa a ƙasa yana hannun mai gidansa, da wuya ya ɗaga murya ko an danne masa haƙƙi. A ganina nan ne babban aibin bizar, kuma aibin ya shafi ɗan ƙasa ma, domin ma'aikacin da ba ya iya cewa a'a yana karya farashin kowa.

Daga 2025 lissafin ya sake sauyawa. Ranar 19 ga Satumba Shugaba Trump ya sa hannu a kan sanarwar da ta ɗora dala 100,000 a kan kowace sabuwar buƙata da aka shigar daga 21 ga watan domin wanda ke wajen Amurka, na tsawon wata 12 da za a iya tsawaitawa. USCIS ta fayyace a Oktoba cewa wanda ke cikin ƙasar yana sauya rukuni, kamar ɗalibi, ba ya ciki, haka mai sabuntawa. Jami'o'i da asibitoci ba a cire su ba, kuma Majalisar 'Yan Kasuwa ta Amurka na cikin waɗanda suka garzaya kotu. A ƙarshen Disamba kuma Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta fitar da ƙa'idar da ta sauya ƙuri'ar daga Fabrairun 2026: wanda albashinsa ke hawa na huɗu sunansa zai shiga sau huɗu, mai hawa na ɗaya sau ɗaya. Manufar hana danne albashi ce, kuma akwai hankali a ciki, sai dai sabon ɗalibi da ƙaramin asibitin ƙauye su ne ke hawan ƙasa.

A nan ne zancen ya taɓa mu kai tsaye. A Yunin 2025 an hana 'yan Cadi da 'yan Sudan shiga Amurka gaba ɗaya, tare da wasu ƙasashe. A Yuli aka rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa ta wata uku, shiga sau ɗaya. Sanarwar 16 ga Disamba, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta sa Nijar cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa ɗungurungum, ta kuma dakatar wa 'yan Najeriya bizar ziyara da ta karatu da ta musayar horo da ta zama na dindindin. Ba a ambaci H-1B a cikin waɗanda aka dakatar wa Najeriya ba, amma a haɗa wannan sanarwar da ta dala 100,000 a ga yadda lamarin ya kasance a farkon 2026. Hanyar da ta kuɓuta daga dala 100,000 ita ce ta ɗalibi, kuma an rufe ta ga sabon ɗalibi. Hanyar da ta rage a buɗe ita ce ta ɗauka kai tsaye daga gida, kuma ita ce mai dala 100,000. Gaba kura, baya sayaki. Waɗanda ke da sararin motsi su ne waɗanda tuni suke can da takardunsu a hannu.

Irin wannan lokacin ne kasuwar dillalai ke ci, domin ƙofa na ƙara ƙunci, masu cewa suna da hanya suna ƙaruwa. Ƙa'idojin da suka gabata sun isa a auna duk wanda ya zo da tayi. Wanda ya ce ka biya naira miliyan kaza ya sama maka H-1B ya juya lamarin, tunda kamfani ne ke biya. Wanda ya ce zai kai ka aikin kamfani a watan Yuni da sabuwar biza ya saɓa wa kalanda, tunda rajista a Maris take, aiki kuma ba ya farawa kafin 1 ga Oktoba. Wanda ya yi maka tayi ba a yi hira da kai an gwada iliminka ba, ba kujera yake sayarwa ba. Ka tambaye shi sunan kamfanin da adireshinsa, ka nemi kwafin LCA, wanda doka ta wajabta a bai wa ma'aikaci. Idan ya ce an riga an shigar da buƙata, ka nemi lambar rasit: haruffa uku da lambobi goma ce, tana saman takardar I-797, kuma kana iya shigar da ita a shafin USCIS daga wayarka ka ga matsayin fayil ɗin da idonka.